Kamun furotin guda daga fatar ƙwayar halitta: abin da maganaɗisu ke yi, da abin da ba zai iya ba

Wanda ya taɓa ganin ɗan jari bola yana jan maganaɗisun tsohuwar lasifika a cikin yashi, ƙusoshi da guntayen ƙarfe suna tashi suna manne masa, to ya ga irin abin da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje, sai dai a can a cikin 'yar kwalbar roba ake yi, wadda ba ta kai ɗan yatsa tsawo ba. Ruwan da ke cikinta yakan yi launin ƙasa-ƙasa, saboda 'yan mitsitsin ƙwallaye masu garin ƙarfe da aka zuba a ciki don su kamo furotin. Ka jingina ta da maganaɗisu ka tsaya kana kallo, kafin minti biyu ruwan ya washe tas, launin ya tattaru a gefe guda ya zama ɗan tabo a jikin bangon kwalbar. Sai ka zura bakin fifet, wato ɗan bututun zuƙar ruwa, ta ɗaya gefen, ka zuƙe ruwan a hankali don kada ka taɓa tabon. Abin da kake nema, idan an dace, yana cikin tabon nan.

Wannan mataki shi ne yake burge duk sabon ɗalibi, kuma shi ne mafi sauƙi a dukkan aikin. Maganaɗisu ƙarfe kawai ya sani, bai san furotin ba. Ko an kamo abin da ake nema ko an kamo tarkace, tabon iri ɗaya zai fito. Nasara da asara an riga an yanke su tun kafin a zo wurin maganaɗisu, a wajen zaɓen antibodi, wato furotin ɗin garkuwar jiki da zai gane abin da ake nema ya cafke shi, da zaɓen sabulun da aka fasa ƙwayoyin da shi, sannan bayan an gama, a wajen tambayar da mai aikin ya yarda ya yi wa kansa: wannan da na kamo, shi ne kuwa?

Zan ɗauki furotin guda in bi da shi, wanda mutanenmu da yawa sun san sunansa daga asibiti, wato CD4. Duk mai karɓar maganin ƙanjamau ya ji ana cewa "gwajin CD4". Abin da ake ƙirgawa a gwajin shi ne wasu fararen ƙwayoyin jini, waɗanda mai lafiya ke da kamar 500 zuwa 1,500 a kowace maikirolita ta jini, kuma idan suka sauka ƙasa da 200 garkuwar jiki ta raunana ƙwarai. Amma sunan CD4 asalinsa ba na ƙwayar jinin ba ne, na wani furotin ne da ke tsaye a fatarta. Yawancin jikinsa yana waje, sashe huɗu a jere, sai wani ɗan guntu da ya huda tantanin ƙwayar, sai gajeriyar wutsiya a ciki. A 1984 aka tabbatar cewa shi ne ƙofar da ƙwayar cutar HIV ke kamawa kafin ta shiga. Irin waɗannan furotin na bakin ƙofa su ne idon ƙwayar halitta da kunnenta, kuma fiye da rabin magungunan da ake sha a yau a kansu suke aiki. Shi ya sa ake son a raba su da sauran, a auna su, a ga da wa suke hulɗa.

Matsalar ita ce ƙarancinsu. Ƙwayar jini guda tana ɗauke da ɗaruruwan miliyoyin furotin iri-iri, CD4 kuwa dubbai ne kawai a cikinsu. Tsince tsakuwa a shinkafa ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba, don ita tsakuwa ido na ganinta. A nan sai an aika wanda ya san fuskar abin da ake nema, a kuma ɗaura masa igiyar da za a janyo shi da ita. Antibodi shi ne ɗan aiken, ƙwallon maganaɗisu shi ne igiyar.

Ƙwallayen kansu suna da tarihi. Wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Norway mai suna John Ugelstad, a birnin Trondheim, shi ne ya gano a ƙarshen shekarun 1970 yadda za a ƙera 'yan ƙwallayen roba masu girma daidai wa daida, babu babba babu ƙarami. Daga baya aka cusa musu garin ƙarfe, suka zama abin da ake sayarwa da sunan Dynabeads. Wanda aka fi amfani da shi wajen kamun furotin faɗinsa maikiromita 2.8 ne, wato sai ka jera sama da ashirin kafin su kai kaurin gashin kai guda. Hikimar da ke ciki ita ce garin ƙarfen an niƙe shi ƙanana ƙwarai, har ya zamana ƙwallon yana amsa kiran maganaɗisu ne kawai muddin maganaɗisun na kusa. Da an ɗauke shi, ƙwallon ya manta, ba ya riƙe ko ɗigon jan ƙarfe. Ba don haka ba da ƙwallayen sun dunƙule da junansu tun a kwalbar kamfani, ba za su sake watsuwa cikin ruwa ba. Kafin su, da ƙwallayen agaros, wani abu mai kama da jeli, ake aiki, har yanzu ma ana yi. Su manya ne, masu ramuka kamar soso, suna ɗaukar furotin da yawa kuma sun fi araha, amma sai an juya su a na'urar santirifuj, mai wulwula kwalba da gudu har mai nauyi ya kwanta a ƙasa, a kowane wanki, wasu su bi bakin fifet su tafi, kuma ramukan nasu na ɓoye datti. Idan furotin mai yawa ake so a tara, agaros na da amfaninsa. Idan kuwa kaɗan ne, mai rauni, kuma ana son sakamakon yau ya yi daidai da na gobe, ni dai na maganaɗisu zan zaɓa, duk da tsadarsa.

Antibodi furotin ne da garkuwar jiki ke ƙerawa, siffarsa kamar gwafa: hannu biyu masu kamawa da ƙafa guda. Tun 1975, lokacin da Georges Köhler da César Milstein a Kambirij ta Ingila suka gano yadda za a sa ƙwaya guda ta yi ta haifar da antibodi iri ɗaya tak ba iyaka, masu bincike suka sami ɗan aiken da ba ya canza hali. A waccan shekarar kuma wani mai bincike, Kessler, ya nuna cewa ana iya yin irin wannan kamun da bakteriyar Staphylococcus aureus, saboda wani furotin da ke jikinta, Furotin A, da ke cafke ƙafar antibodi ya bar hannayen a sake. Yau Furotin A ɗin nan, ko ɗan'uwansa Furotin G da aka samo daga wata bakteriyar, shi ake shafe ƙwallayen da shi, sai antibodi ya zauna a kai hannayensa na fuskantar waje. Ba kowane antibodi ne ke zama daram a kan kowannensu ba. Na zomo yana son dukansu, amma wani jinsin na ɓera da aka fi samu, IgG1, Furotin G ya fi riƙe shi. Ƙaramin abu ne, amma ya sha cinye wa mutane mako guda.

Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci. Antibodi bai san furotin gaba ɗayansa ba, wani ɗan lungu guda ya sani a jikinsa, kamar wanda ya san mutum da tsagar fuskarsa kawai. Akwai wani tsohon antibodi na CD4 mai suna OKT4. An gano cewa wasu mutane, galibi masu asali daga Afirka, OKT4 ba ya ganin CD4 ɗinsu sam, alhali lafiyarsu ƙalau kuma furotin ɗin na nan yana aikinsa. Amino asid guda, wato ɗaya daga cikin tubalan da ake gina furotin da su, shi ne ya bambanta a daidai lungun da OKT4 ke kamawa. Mai bincike a Kano ko Yamai da ya ɗauki jinin mutanensa ya yi aiki da wannan antibodi, zai iya fitowa hannu wayam a wasu samfura ya zaci kuskurensa ne, ko ya rubuta cewa mutumin ba shi da CD4. Haka nan antibodin da ya yi fice wajen gane furotin bayan an dafa shi an miƙar da shi, ba lallai ne ya gane shi a naɗe yadda yake a raye ba. Don haka kafin a sayi antibodi sai a tambaya: an taɓa gwada shi a irin wannan aikin, kuma wane lungu yake kamawa, na waje ko na ciki?

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Tantanin ƙwayar halitta maiƙo ne, ruɓi biyu, kaurinsa bai kai nanomita 10 ba. Guntun CD4 da ya huda shi, amino asid wajen ashirin da 'yan kai, duk masu gudun ruwa ne, a cikin maiƙo kaɗai suke samun natsuwa. Ka fizge furotin ɗin ka jefa shi a ruwa tsirara, sai wannan guntun ya nemi irinsa ya manne, furotin su cure su zama gudaji marasa amfani. Duk matar da ta wanke tukunyar miyar da ta sha manja ta san ruwa kaɗai ba ya fitar da maiƙo, sai da sabulu, domin ƙwayar sabulu kanta na son ruwa, wutsiyarta na son mai. Wannan dabarar ce a nan ma. Sabulun ɗakin gwaje-gwaje yana wargaza tantanin, sannan ƙwayoyinsa su kewaye guntun nan mai gudun ruwa kamar ɗamara, wutsiyoyi a ciki, kawuna a waje, sai furotin ya yi iyo cikin ruwa yana zaton har yanzu yana gida.

Amma sabulu suna suka tara. Akwai mai zafin hannu kamar SDS, wanda zai narkar da komai, ya kuma warware naɗin furotin ɗin har antibodi ya kasa gane shi, ya ma lalata antibodin kansa. Akwai na tsaka-tsaki, Triton X-100 da NP-40, waɗanda aka saba zubawa kashi 1 cikin 100. Akwai masu laushi kamar dijitonin, wanda ake samu daga tsiron Digitalis. Kowanne akwai abin da yake ba ka da abin da yake ƙwace maka. Masu nazarin garkuwar jiki sun ga haka ƙarara a shekarun 1980: furotin ɗin da ƙwayar T, wata farar ƙwayar jini, ke gane abokan gaba da shi yana tafiya ne tare da wata tawaga da ake kira CD3, kuma idan aka fasa ƙwayar da dijitonin tawagar na fitowa a haɗe, idan aka yi da sabulu mai ɗan ƙarfi sai ta watse. Ƙwaya ɗaya, antibodi ɗaya, amsa biyu, bambancin sabulu ne kawai. Shi CD4 yana da nasa halin. Wani kasonsa yana zaune ne a wasu tsibirai na tantani masu yawan kolestarol, waɗanda Triton mai sanyi ba ya narkarwa. Bayan an fasa ƙwayoyi akan juya ruwan a santirifuj a zubar da abin da ya kwanta a ƙasa a matsayin dusa, kuma a cikin dusar nan wani kaso na abin da ake nema yake tafiya. Shi ya sa nake ganin duk wanda zai fara aiki da sabon furotin, kada ya taɓa ƙwallayen tukuna. Ya gwada sabulu uku ko huɗu, ya duba ruwan sama da dusar ƙasa na kowanne, ya ga inda furotin ɗinsa ya faɗa. Aikin kwana biyu ne, amma ƙwallaye ba za su kamo abin da bai shiga ruwan ba. Kuma sabulun nan ba a janye shi a tsakiyar hanya, dole ya kasance cikin kowane ruwan wanki har ƙarshe, in ba haka ba ɗamarar ta kwance.

Da zarar an fasa ƙwaya, enzayim masu yanka furotin da ke kulle a ɗakunansu sun sami sake. Don haka komai a kan ƙanƙara ake yinsa, a zuba magungunan da ke ɗaure musu hannu, a bar kwalbar tana juyawa a sanyin digiri 4. A takarda wannan layi guda ne. A ɗakin gwaje-gwajen da wuta ke ɗaukewa tsakar dare, shi ne babban abin fargaba. Na taɓa barin samfuri yana juyawa a firiji da daddare, na dawo da safe na tarar da firijin ya huce, aikin mako biyu na renon ƙwayoyi ya tafi. Tun daga nan na fi son gajeren lokaci. Ƙwallayen maganaɗisu ba su da ramukan da furotin zai ɗauki sa'o'i yana kutsawa, kamun a fatarsu yake faruwa, don haka da antibodi mai kyau sa'a ɗaya ko biyu kan wadatar. Daɗewar ma ba alheri ba ce ko da wutar na nan, don tarkace na ƙara samun lokacin mannewa.

Sai wata tambaya da mutane kan tsallake. An ce furotin na fatar ƙwaya ake nema, to amma idan ka fasa ƙwayar gaba ɗaya, ka gauraya na waje da na ciki. CD4 a cikin ƙwaya ake ƙera shi, a yi masa ado da sukari, a bi da shi ta hanyoyi kafin ya fito fili, wani kuma an riga an janye shi daga fili ana shirin rushe shi. Ga mai nazarin HIV wannan bambanci shi ne komai, domin cutar na da furotin biyu da ke yaƙar CD4: Nef yana janye wanda ya riga ya fito, Vpu yana sa a rushe sabo tun yana ciki. Wanda ya auna jimilla kawai ba zai san wanne ke faruwa ba. Hanya ɗaya ita ce a zuba antibodin a kan ƙwayoyin tun suna raye, cikin sanyi don kada su haɗiye shi, a wanke wanda bai kama ba, sannan a fasa a kawo ƙwallayen. Antibodi ba ya ratsa tantani, saboda haka wanda ke waje kaɗai ya gani. Hanya ta biyu ita ce a shafa wa duk abin da ke waje alamar biyotin, da wani nau'in sinadarin da ba ya shiga ciki, kamar yadda ake shafa wa tumaki shuni kafin a gauraya garke. Bayan an fasa, sai a yi kamu da ƙwallaye masu sitireftabidin, wani furotin da riƙonsa ga biyotin yana cikin mafi ƙarfi da aka sani a halitta. Sharaɗin dukansu biyu shi ne ƙwayoyin su kasance lafiyayyu, don matacciyar ƙwaya ƙofarta a buɗe take, alamar za ta shige ciki ta ɓata lissafi.

Wanki sau uku zuwa biyar ne, da ruwan gishiri mai sabulu. Ƙara gishiri na rage datti, amma yana iya korar abokan hulɗa na gaskiya. A nan kuma ake buƙatar tsoron Allah a aiki. A 1988 ƙungiyoyin bincike biyu suka kamo CD4 suka tarar da wani enzayim mai suna Lck maƙale da wutsiyarsa, wannan ya bayyana yadda furotin mai gajeriyar wutsiya haka yake iya aika saƙo cikin ƙwaya. Babban ci gaba ne, kuma ta irin wannan kamun aka same shi. Sai dai nasarori irin wannan sun sa wasu na ɗaukar duk abin da ya biyo furotin a matsayin abokinsa. A kasuwa ana cewa abokin ɓarawo ɓarawo ne, amma a kwalbar gwaji ba haka ba ne. Akwai furotin masu naci da ke manne wa roba, wa ƙwallo, wa kowane antibodi, akwai kuma waɗanda ba su taɓa haɗuwa a rayayyar ƙwaya ba sai da sabulu ya rushe bangon da ya raba su. Na'urorin zamani masu tantance furotin ta nauyinsu za su jero maka sunaye ɗaruruwa daga tabo guda, mafi yawansu 'yan rakiya. Maganin abin shi ne a yi kamu na biyu gefe da gefe, da antibodi na jinsi ɗaya wanda bai san CD4 ba. Wanda ya fi wannan ƙarfi shi ne a maimaita komai da ainihin antibodin, amma a kan ƙwayoyin da ba su da CD4 sam. Duk abin da ya fito a nan ma, ba ta hannun CD4 ya zo ba. Sakamakon da ba shi da waɗannan shaidu, komai kyan hotonsa, ban yarda da shi ba.

Saura a sako furotin daga ƙwallayen. Ana iya yi da ruwa mai tsami, gilaisin a wajen pH 2.5 zuwa 3, a yi maza a kashe tsamin, ko kuma a zuba SDS a ɗumama. A nan akwai tarko biyu. Na farko, an saba tafasa samfuri kafin a zuba shi a jel, wato faifan da ake raba furotin a cikinsa gwargwadon nauyinsu, amma furotin da yawa na tantani, musamman masu huda shi sau da dama, tafasa na sa su cure su maƙale a bakin jel ɗin su ƙi tafiya. Ɗumi mai sauƙi ya fi musu. Na biyu ya shafi CD4 kai tsaye. Antibodin da aka yi kamun da shi yana sakowa tare da abin da ya kamo, ya rabe gida biyu: babban sashe mai nauyin kilodalton 50 da wani abu, da ƙarami mai wajen 25. CD4 nauyinsa wajen 55 ne, Lck kuwa 56. Ga abu uku a layi kusan ɗaya, kuma antibodin ya fi sauran yawa nesa. Ɗalibi zai ga baƙin layi mai kauri a daidai inda yake fata ya yi murna, alhali ɗan aikensa yake kallo. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Ana kauce wa wannan ta ɗaure antibodin a jikin ƙwallon da sinadari irin BS3 ko DMP yadda ba zai sako ba, ko a yi kamu da antibodin ɓera a yi tantancewa da na zomo. Ɗaurin kan rage wa wasu antibodi ƙarfin kamu, don haka shi ma sai an gwada.

Idan aka bar sabulu gefe, waɗannan ƙwallaye ɗin dai suna kamo ƙwayar jinin sukutum ta hanyar furotin ɗin da ke fatarta. A farkon shekarun 2000, lokacin da na'urar ƙirga CD4 ta fi ƙarfin asibitoci da yawa, an gwada wannan a wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, har da Burkina Faso. Za a ɗauki ɗan jini, a fara zuba ƙwallaye masu antibodin CD14 a janye ƙwayoyin monosait, wasu fararen ƙwayoyin jini na daban, domin su ma suna ɗauke da CD4 kaɗan kuma za su kumbura adadin. Sannan a zuba ƙwallaye masu antibodin CD4, a jingina da maganaɗisu, a wanke, a fasa ƙwayoyin da aka kamo, a rina cibiyoyinsu, ma'aikaci ya zauna gaban madubin likita ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya.